Kafinta a Saƙar Bahaguwa

Asabar, da hantsi

Mun dawo gida daga asibiti, alhamdu lillahi. Na share tsakar gida, na matso wa mutuniyar da kujerarta bakin taga inda take son zama. Auta, ƙaramar 'yarmu, ta kwana biyu tare da mu, yau ta koma saboda yara da aiki. A bakin ƙofa ta ja ni gefe ta ce, "Baba, kai kaɗai ba za ka iya ba. In har ranar komawa asibiti hannun nan bai motsa ba, zan zo in tafi da Mama wurina." Na ce to. Me zan ce? Yarinya gaskiyarta ta faɗa. Amma garinsu tafiyar yini ce, kuma gidan nan ba shi da wani fasali in babu uwarta a ciki.

Na tarar da guntayen kofin da ya suɓuce mata ranar da ɓarin jikinta ya shanye, a ƙarƙashin kabad ɗin kicin, na kwashe su. Ba zan yi maganar ranar nan ba.

Ni kafinta ne, rubutuna bai taɓa wuce awon katako ba. Amma matar da ta cika min kunne da surutu tun muna da baƙin gashi ta yi shiru, to dole in sami wurin zuba nawa.

Lahadi, la'asar

Hannun yana kan cinya, yadda na ajiye mata shi da safe. Kuma na hagu ne, ita ko bahaguwa ce. Da shi take yanka, da shi take saƙa, da shi take nuna ni in na yi laifi.

Ma'aikaciyar asibiti ta ba mu ƙwallon roba, ta ce ta riƙa matsawa, wai makonnin nan su ne na motsi, in aka bar hannun zai ƙage. Na gane nufinta, ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba haka take yi. Na sa mata ƙwallon a tafin hannu. Ta bar shi ya faɗi, ta sa ƙafa ta tura shi ƙarƙashin gado. Ƙafar dai da saura.

Bakinta ya dawo, maganar ce ba ta so. "A'a." "Na gode." "Na ƙoshi." Shi ke nan abin da na samu yau.

Litinin, da safe

Lafiya lau. Ta sha rabin kofin shayi.

Talata, azahar

Ina neman silifas ɗinta na ci karo da kwandon saƙa a bayan ƙofa. Bargon da take yi wa Auta ne a ciki, na zaren ulu, shuɗi da ruwan toka da ɗan ja jefi-jefi. Ya kai rabi. Kwarashin yana soke a inda ta tsaya, a tsakiyar layi.

Layinmu kaf babu gidan da ba a rufa da saƙarta. Jariri, amarya, tsohon da sanyi ya dama, kowa ta saƙa masa, kuma ba ta sayarwa. Mu ko a gidan nan bargon kasuwa muke rufa da shi, mai sa ƙaiƙayi. Na sha yi mata ƙorafi, takan ce, "Naka yana zuwa, Malam." Har gemuna ya yi fari bai iso ba.

Na ɗauko kwandon na ajiye a gabanta ko za ta ji daɗi. Ta dube shi, ta juya fuska wajen taga, ta ce, "Ɗauke min shi. Ka ba wanda yake da hannu."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma wannan ce magana mafi tsawo da ta yi tun da muka dawo.

Laraba, la'asar

A sana'ata ba a barin aiki rabi. Tebur mai ƙafa biyu ba tebur ba ne. Na ɗauki kwandon na shiga gidan maƙwabta wurin matar direba, wadda ita ma takan taɓa saƙa. Na ce ta koya min in ƙarasa. Dariya har da riƙe ciki.

"Baba kafinta, kai da kwarashi? Da waɗannan yatsun?"

Na ce gemu ba ya hana ilimi. Ta nuna min: a soka, a naɗo zare, a jawo, a sake. A hannunta kamar wasa. A nawa ko zaren ya yi ta maƙalewa a kantar tafin hannu, ina ja yana tsagewa. Ta ce in shafa mai. Ni da na shekara aru-aru ina riƙe guduma, yau ga ni ina shafa man mata don in riƙe zare.

Alhamis, da yamma

Na kai aikin shago. Mai walda na kusa da ni ya leƙo ya gan ni, ya kira duk 'yan layin. Ɗaya ya ce in saƙa masa hula, ɗaya ya ce safa. Na ce duk wanda ya ƙara magana ya nemi mai gyara masa benci. Suka watse.

Amma garin katako ya shiga zaren, na ɓata lokaci ina tsincewa. Ba zan ƙara kai shi can ba.

Hannun yana kan cinya.

Asabar, da hantsi

Babu inda yake da haske a gidan nan kamar bakin tagarta, don haka nan na kawo kujerata na zauna da saƙa. Ta kau da kai kamar ba ta san da ni ba. Na yi layi ɗaya, na fara na biyu, ina gumi. Can sai na ji "mts".

Tsaki! Wallahi ban taɓa jin daɗin tsaki irin na yau ba. Na yi kamar ban ji ba, na ci gaba da soka.

Lahadi, azahar

Tsaki biyu yau, da harara ɗaya.

Talata, la'asar

Na shimfiɗa bargon a ƙasa na sa tef na auna, don idona ya ce min wani abu ba daidai ba. Ai kuwa. Wajen da na saƙa ya fi nata tsukewa da kusan taƙi guda, kuma kullum ƙara shigewa yake. Ina tsugune da fensir a bayan kunne ina lissafi, sai na ji murya daga sama.

"Ƙusa kake bugawa?"

Na ɗaga kai.

"Zare ne. Ba a shaƙe shi. Kuma kana tsallake ƙullin ƙarshe a kowane layi, shi ya sa yake tsukewa. Sai ka ɗauko tef! Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima."

Maganar tana fita a hankali, wani harafin yana jan ƙafa, amma faɗan nan nata ne sak, babu abin da ya ragu. Na ce, "To, ranki ya daɗe." Ta ce, "Kada ka ranki-ya-daɗe ni."

Ta cinye abincin rana tas.

Laraba, da safe

Sabuwar matsala. Da hasken safiya ya bugi bargon, sai ga wata iyaka ta fito ɓaro-ɓaro a tsakiya. Ƙulle-ƙullenta duk sun karkata gefe guda, nawa sun karkata ɗaya gefen. Na kira matar direba ta duba. Ta dafe kai ta ce, "Kai, Baba, na manta shaf! Mama bahaguwa ce. Ita daga hagu take tafiya zuwa dama, mu daga dama muke zuwa hagu. Saƙar dama na koya maka. Irin tata ban iya ba, duk unguwar nan ita kaɗai ce."

Mutuniyar ta ce, "Kun taru kun ɓata min bargo." Ta faɗa tana kallon bango, amma na ga gefen bakinta, wanda yake motsi, ya ɗan ɗaga.

Na ce in warware nawa? Ta ce, "Bar shi. Zaren da ka shaƙe ko an warware ba ya komawa."

Juma'a, da yamma

Yau ba ta tashi daga gado ba. Ta ce in rufe taga. Na rufe. Na ji abin da na ji ta bayan ƙofa, na fita tsakar gida na yi ta gyaran ƙafar kujerar da babu abin da ya same ta.

Lafiya lau.

Asabar, azahar

Auta ta bugo waya. "Baba, yaya hannun?" Na ce da sauƙi. Ta ce, "Ya motsa?" Na ce ai bakin ya motsa sosai. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ta riga ta gyara wa Mama ɗaki, har da labule sabo. Na ce Allah ya yi albarka. Da na ajiye wayar na daɗe zaune. Ina jin tsoro, gaskiya ke nan. Ban san yadda ake shan shayi mutum ɗaya a gidan nan ba.

Na zaro ƙwallon daga ƙarƙashin gado na wanke shi. Ba a jima ba ya koma ƙarƙashin gadon.

Litinin, la'asar

Hannuna ya fara faɗawa. Layin jiya ya fita sumul, na yau ma haka, ban tsallake komai ba. Ina jiran yabo, sai na lura da wani abu: tun jiya babu tsaki. Ta koma kallon taga. Ashe gwanintata ba ta da amfani a gidan nan.

To, na tsallake ƙullin ƙarshe. Na ƙara da shaƙe zaren har kwarashi ya ƙi shiga.

"Kafinta!"

In ta ce "Malam" lafiya ce, in ta ce "kafinta" an taɓo ta. Na amsa da ladabi.

Laraba, da hantsi

Bari in rubuta wannan a tsanake.

Na yi ɓarna da safe, ɓarna mai kyau, har na haɗa ja a inda shuɗi ya kamata. Ta yi ta bayani ina cewa ban gane ba. "Ta ƙasa za ka soka." Na soka ta sama. "Ta ƙasa na ce!" Na ce wace ƙasar? Sai ta ja dogon numfashi ta ce, "Taso. Kawo kujerarka nan, ta haguna. Matso. Cin ka zan yi?"

Na matsa har kafaɗunmu suka haɗu. Ta shimfiɗa bargon a cinyoyinmu. Ta naɗa zaren a yatsan hannunta na dama, wanda dama can shi ne aikinsa. Ta ce in riƙe kwarashi da damana, a daidai inda hagunta ya saba zama. Sannan ta sa hannun dama ta ɗago na hagun, kamar mai ɗaukar jariri, ta ɗora shi a bayan hannuna.

Nauyi gare shi, da sanyi.

"Yanzu ta nan za mu tafi," in ji ta. "Ta hanyata."

Ita tana sakin zare, ni ina soka, muna tafiya daga hagu zuwa dama. Ƙulle-ƙullen suka koma karkata irin nata. Na ce, "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." Ta ce, "Yi shiru ka soka."

Mun yi layi ɗaya da rabi kafin ta gaji. Shayin da na dafa bayan nan ya yi daɗi ƙwarai, ban san dalili ba, ganyen jiya ne.

Alhamis, la'asar

Layi uku. Kafaɗata ta ƙage, ba komai.

Asabar, da safe

Mai walda ya zo gaisuwa ya tarar da mu manne da juna ƙarƙashin bargo ga rana ta fito. Ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya, ya ce ko ya dawo anjima? Mutuniyar ta ce, "Shigo, ɗan nan. Ɗalibi nake koya wa karatu, kansa da tauri." Dariya ta yi, dariya ta gaske, har ta share ido da gefen mayafi.

Litinin, azahar

Na je soka kwarashi a ramin da ba shi ba. Wannan karon ba da gangan ba ne, hankalina ya tafi wurin ranar komawa asibiti, saura mako biyu ba cikakku ba. Sai na ji an danna min bayan hannu.

Babban yatsa ne. Na hagu.

Na tsaya cak. Ita ma ta tsaya. Muka zuba wa yatsan ido kamar baƙon da ya shigo ba sallama. Ta ce a hankali, "Ramin gaba." Na soka a ramin gaba. Da muka kai ƙarshen layi, na ce zan duba ruwa a kan wuta. Babu ruwa a kan wuta. Na tsaya a kicin na yi abin da ban yi ba ko a asibiti.

Talata, da safe

Ya sake dannawa. Har da manuni.

Alhamis, da yamma

Ta gwada riƙe kwarashin da kanta, ya sulluɓe. Ta sake, ya sulluɓe. Siriri ne, yatsun ba su kai ga rufewa a kansa ba. Na ga fuskarta ta fara komawa wajen taga, na ce a raina ba za a yi haka ba.

Na tafi shago na samo guntun katako mai laushi, na fere shi, na huda tsakiya, na goge shi har ya yi santsi, na cusa kwarashin a ciki ya zama mai ƙota. Na kawo mata. Ta juya shi ta ce, "Wannan muciya ce ko kwarashi?" Na ce ki riƙe dai.

Ya zauna a hannun. Ta yi ƙulli ɗaya, ya ɗauke ta lokacin da a da take gama layi. Ta yi na biyu. A na biyar ta ce in karɓa, ta gaji. Ƙulle-ƙullen sun fito sako-sako, manya. Na ce, "Ba a sakin zare haka, uwargida." Ta ce, "Ji mai bakin magana!"

Lahadi, la'asar

Yanzu ita take fara layi, in ta gaji in karɓa, hannunta a kan nawa. Kullum nata yana ƙara tsawo. Sannu ba ta hana zuwa.

Ban gaya wa Auta ba. In na faɗa a waya cewa za ta yi Baba yana kwantar mata da hankali ne.

Talata, da hantsi

Mun gama! Ita ta yi bakin da ya zagaye shi, da jan zare, kwana biyu tana yi. Ni na yanke zaren ƙarshe, ita ta ƙulle.

Muka shimfiɗa shi a gado muna kallo. Daga ƙasa saƙarta ce ta da, lafiyayya. Sai nawa a tsakiya, a tsuke, a karkace, da jan da ya faɗo a inda ba a gayyace shi ba. Sai namu na tare, wani wuri sako-sako, wani wuri tamau. Bargon yana da ƙugu kamar kalangu.

Ta ce, "Tun da nake ban taɓa ganin mummunan bargo irin wannan ba."

Na ce, "Da ɗumi dai."

Ta ce, "Kuma kada ka ɗauka ban san da gangan kake tsallake ƙullin nan ba. Mutumin da yake auna ƙofa sau uku?"

Na ce ban san zancen da take yi ba.

Laraba, la'asar

Auta ta iso, don gobe ne komawa asibiti. Ta zo da babbar jaka wadda babu komai a ciki. Na ga jakar, na san ta kwasar kayan uwarta ce. Ta gaishe mu, ta sha ruwa, ta fara zagaya ɗaki da ido tana duba abin da za a ɗauka. Uwarta tana zaune a kujera, bargon a ninke a cinyarta, hannun hagu a kansa.

Auta ta ce, "Lah, bargona! Wa ya ƙarasa?" Ta buɗe gefe ta ga tsakiyar, ta dube ni, ta fashe da dariya. "Baba! Ba komai, haka nake son sa. Kawo in fara sa shi a jaka, Mama."

Ta ja. Bargon bai taho ba.

Ta ƙara ja, tana zaton ya maƙale a kujera. Sai ta duba ƙasa. Yatsu biyar na hagu sun dunƙule a kan jan bakin nan, har jijiya ta fito.

"Wannan ba ya fita gidan nan," in ji uwarta. "So kike a ce ni na saƙa shi? Naki zan fara miki wani. Zai daɗe, sai ki yi haƙuri."

Auta ta durƙusa a wurin, ta kifa fuska a kan hannun tana kuka tana dariya, tana cewa, "Mama, ƙara matsewa, ƙara in ji." Ni dai na ɗauki jakar na kai ta bayan ƙofa, kusa da kwandon saƙa.

Alhamis, da yamma

Ma'aikaciyar asibiti ta ce da saura, amma a ci gaba da duk abin da ake yi. Ta tambayi ƙwallon. Mutuniyar ta ce yana nan a ajiye wuri mai kyau.

Asabar, da safe

Auta ta koma jiya, da jakarta yadda ta zo da ita, sai dunƙulen zare uku da ta ɗauka za ta nemo irinsu a can.

Yau an tashi da sanyi. Na kai shayi bakin taga, na tarar ta yafa bargon, ta ɗaga min gefe ɗaya. Ta ce, "Ga naka ya iso, Malam. Kada in ƙara jin ƙorafi."

Wajen da na saƙa ne ya faɗo a kafaɗunmu, wajen nan mai tsukewa. Ba ya isar mutum biyu sai sun matsu sosai. Ta ce laifina ne. Na amsa laifina, na matsa.